Yaɓen Masallacin Jenne: Ginin Da Gari Duka Ke Sa Wa Hannu

 Ga labarin wani masallaci na ƙasa a garin Jenne ta ƙasar Mali, wanda ya shekara fiye da 100 a tsaye, ruwan sama na dukansa kowace damina, bai kuwa zube ba. Abin da ya riƙe shi, bayan ikon Allah, shi ne hannuwan mutanen garin, gama kowace shekara sukan fito ƙwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi a safiya ɗaya.

Dalilin ɗauko wannan labari shi ne, a zamanin nan gwanayen fasaha na ƙasashen Turai sun lura jawabi kaɗai ba ya sa mutane su kula da ƙasar da suke zaune a kanta. Saboda haka suka shiga shirya ayyukan gwaninta waɗanda akan taɓa, a saurara, a sansana, ba a tsaya ga kallo ba. A watan Disamba na 2015, sa'ad da shugabannin duniya suka taru a birnin Paris don shawara a kan ɗumamar duniya, wani gwani mai suna Olafur Eliasson ya sa aka ɗauko manyan curin ƙanƙara 12 daga tekun Girinlan, can ƙuryar arewa, aka jera su a wani dandali kamar fuskar agogo. Masu wucewa suka riƙa dafa su, suna kara kunne suna jin ƙarar tsagewarsu, har suka narke. Nufinsa mutum ya ji a tafin hannunsa abin da ya saba ji a rediyo. To, mutanen Jenne sun daɗe da sanin wannan hikima, nasu ma ya ɗara, domin in an watse daga nasu taron akan bar gini a gyare.

Ita Jenne tana gaɓar kogin Bani, wanda ke zuba cikin Kwara. In ruwa ya cika sai garin ya zama tsibiri. Tun zamanin da, matattara ce ta fatake: gishirin Sahara yakan zo ta Tambutu cikin jiragen ruwa, zinariya da goro su zo daga kudu, a yi musaya a nan. Gari ne kuma na karatu, mai makarantun allo da yawa, inda Fulani da Bambara da Songai da masunta Bozo ke zaune tare. Ƙasar Malle ba baƙuwa ba ce ga Hausawa, gama tarihin Kano ya nuna daga can ne Wangarawa suka zo a zamanin Sarki Yaji.

Malam Abdurrahman Assa'adi, mai littafin Tarihus Sudan, wanda shi kansa ya zauna a Jenne, ya ba da labari cewa wani sarkin garin mai suna Kunburu, da ya musulunta, sai ya rushe fadarsa ya mai da wurin masallaci. Masana suna sa wannan wajen ƙarni na 13 na Miladiyya. Da Shehu Ahmadu Lobbo na Masina ya ci garin, bai yarda da tsohon masallacin ba, ya gina wani marar ado wajen 1834, aka bar na farkon ba yaɓe har ya zama kufai. Faransawa suka kama Jenne a 1893. A 1906 aka tashi sake gini a kan tsohon tushe, aka gama a 1907, a ƙarƙashin shugaban maginan garin, Isma'ila Tarawore. An kuwa yi aikin da leburan tilas, kamar yadda aka saba a mulkin mallaka. Shi ne ginin da ke tsaye yau, ana lissafa shi mafi girma cikin gine-ginen ƙasa na duniya.

An aza shi a kan dandamali mai tsawon kimanin ƙafa 245 kowane gefe, tudunsa kamar ƙafa 10, don kada ambaliya ta ci gindinsa. A bangon alƙibla akwai hasumiya uku, ta tsakiya ta haura ƙafa 50, an kafa ƙwan jimina a ƙoƙuwar kowace. Ginshiƙai 90 ke ɗauke da rufin. A rufin kuma akwai ƙananan kafofi masu murfin yumɓu, waɗanda akan buɗe in zafi ya yi don iska mai ɗumi ta fita. Amma abin da ya fi kamata magini ya lura da shi, shi ne itatuwan giginya da suka fito daga jikin bango jere-jere. Baƙo yakan zaci ado ne kurum. Ado ne, amma kuma matakala ce. Watau maginin tun ran da ya aza tubali ya san za a komo a hau, sai ya bar wa jikokinsa wurin sa ƙafa.

Ga yadda ake yin yaɓen. In rani ya yi nisa, wajen Afrilu ko Mayu, kafin ruwa ya sauka, dattawa da magina sukan tsai da rana. Tun kafin nan an ɗebo laka daga fadamar kogi, an zuba a ramummuka, an gauraya da ɓuntun shinkafa, an bar ta kwanaki tana ruɓa har ta yi laushi da danƙo, warinta ya cika unguwa. Yara ne ke shiga ramin suna tattakawa, su a wurinsu wasa ne, alhali kwaɓi suke yi. Daren jajibere ba a barci sosai, ana kiɗa ana waƙa. Da asuba sai samarin unguwanni su kwasa a guje da kwanduna cike da laka a kai, kowace unguwa na so a ce ita ta riga isa, ita ta fi kyautata rabonta na bango. Mata da 'yan mata suna jigilar ruwa daga kogi. Magina da ƙarfafan samari su hau tsani, su taka itatuwan giginyar nan, a miƙa musu laka, su shafa da tafin hannu. Tsofaffin magina, waɗanda suka sha yi har ƙarfi ya ƙare, akan ba su wurin girma a dandalin kasuwa, suna zaune suna duba aiki. Kafin rana ta take an gama, kowa ya yi buɗu-buɗu da laka, ba a rarrabe ɗan attajiri da ɗan talaka.

Ku duba fa abin da gari ya samu a wannan safiya. Na ɗaya, ginin ya sami sabuwar riga da za ta tare masa ruwan damina, an kuma toshe tsagar da zafin rani ya yi. Kayan aikin duka na wurin ne, laka da ɓuntu da giginya, ba a sayo kome daga ƙetare ba, in kuwa sun zube ƙasa suka koma. Na biyu, ilmi ya wuce daga tsoho zuwa yaro ba tare da an zaunar da shi ba. Yaron da ya tattaka laka da ƙafarsa ya san laushin da ake nema, hancinsa ya san warin wadda ta nuna, ba zai manta ba har ya tsufa. Na uku, zumunci ya sabunta. Mutanen da suka miƙa wa juna kwando da asuba, da wuya su kasa gaisawa da yamma. Na huɗu, maginan garin, waɗanda ke da ƙungiyarsu ta gado mai suna barey ton, sun nuna gwanintarsu a idon jama'a, sana'arsu ta ƙara daraja, gama a Jenne kowane gida yana da magininsa na gado. Ga kuma lafiyar jiki: bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana, ya bar ciki da sanyi, sai dare ya yi ya sake shi.

Amma kada a ce abin ba shi da wahala. A 1988 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garin cikin kayan tarihi na duniya. Wannan ya jawo baƙi da ciniki, ya kuma zo da sharaɗin kada a sāke fasalin gidaje, har waɗansu mazauna suka yi kuka cewa an hana su faɗaɗa ɗakuna da kawo gyare-gyaren zamani. A 2006 aka ga waɗansu ma'aikata na gidauniyar Aga Khan suna tona rufin masallacin don bincike, jama'a ba su fahimci nufinsu ba, gari ya hargitse har aka yi hasarar rai. Binciken kuwa ya nuna yaɓen shekara da shekaru ya taru ya yi wa ginin nauyi, sai da aka rage shi. A 5 ga Nuwamba 2009, bayan ruwan inci 3 cikin kwana ɗaya, saman hasumiyar kudu ya faɗo, aka sake gina shi. Darasi biyu ke nan. Masanin da ya zo daga waje, in bai nemi yardar masu abu ba, alherinsa yakan zama fitina. Jama'a kuma, kome himmarsu, suna bukatar gwani mai cewa nan a ƙara, nan a kankare. Daga 2012 rashin zaman lafiya ya auka wa Mali, baƙi suka ɗauke ƙafa, masu masauki da masu yi wa baƙi jagora suka rasa abin yi, har a 2016 aka sa garin cikin wuraren tarihi da ke cikin haɗari. Duk da haka mutanen Jenne ba su bar yaɓen ya mutu ba.

Mu komo gida. Ƙasar Hausa ba ta rasa irin wannan gado ba. Muna da tubali da azara, da makuba da laso, da bakan gizo da zankwaye, da zanen ƙofar gida irin na Zariya da Kano da Damagaram, muna kuma da gayya. A garin Yama ta jihar Tawa, a Nijar, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, mutanen gari suna kawo tubali da ruwa da itace gwargwadon ƙarfin kowa, har ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, masana gini na duniya sun riƙa zuwa kallon bakan gizonsa. Ran Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na masallacin ya rufta ana sallar La'asar, mutane suka rasu, Allah ya jiƙansu. Wannan ya isa tunatarwa cewa tsohon gini yana son idon gwani a kai a kai.

Da yawa cikinmu sun ɗauka siminti ne maganin yaɓe, a shafa sau ɗaya a huta. Magina sun san ba haka ba ne. In aka lulluɓe bangon ƙasa da siminti, laima takan shiga ta tsaga ta rasa hanyar fita, ta ci ginin daga ciki, waje kuwa yana nan sumul har ran da zai zube. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan kuwa tsagarsa a ɓoye take.

Shawararmu ita ce, duk unguwar da ke da sauran masallaci ko makarantar allo ko zaure na ƙasa, ta tsai da rana guda kafin damina. A fara kiran Sarkin Magina ko wani tsohon gwani ya duba rufi da azara da indararo, ya faɗi abin da za a yi. Liman ya sanar bayan salla. 'Yan kasuwa su ɗauki nauyin makuba da abincin masu aiki. A bar yara da almajirai su shiga kwaɓi da ƙafarsu, a bar tsofaffi su zauna a inuwa suna gyara wa samari hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wanda kuwa ya sa hannunsa a bango ba ya yarda ya ga an zuba shara a gindinsa.

Allah ya ba mutanen Jenne da ƙasar Mali zaman lafiya, mu kuma ya ba mu ikon riƙon abin da magabata suka bar mana. Haza wassalam.