Albashin Mai Nazarin Bayanai da Aljihun Kamfani

Yawancin saɓanin da ake samu kan albashi tsakanin mai nazarin bayanai da kamfani yakan faro ne tun daga tallar neman ma'aikaci. Akwai wanda aikinsa bai wuce tace alƙaluman ciniki a Excel ya fitar da rahoton mako ba. Akwai kuma wanda zai zaƙulo bayanai da SQL daga rumbun kamfani, ya sarrafa su da Python, har ya hango wa manaja kayan da za su yi kwantai wata mai zuwa. Kamfani kan ware kuɗin na farko, sannan ya rubuta tallar neman na biyu. Shi kuma mai nema ya riga ya ji cewa a Amurka matsakaicin albashin masana kimiyyar bayanai ya haura dala 100,000 a shekara a 2023, bisa ƙididdigar hukumar ƙwadago ta ƙasar, ya manta cewa wancan mataki ne da ke gaba da nasa.

Kamfanin ma yana da uzuri, don albashi ba shi kaɗai ne kashewarsa ba. A Najeriya dokar fansho ta 2014 ta wajabta masa ƙara aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashin, ga kwamfuta, ga kuɗin lasisin Power BI ko Tableau. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023 kuwa, ƙwararren da zai iya aiki daga ɗakinsa a biya shi da dala ya fi ƙarfin aljihun kamfanoni da dama.

Duk da haka, ɓoye adadin albashi ne ke jawo ɓata lokaci, a yi ta intabiyu har zagaye uku kafin a gane ciniki ba zai faɗa ba. A Amurka, jihar Kolorado ta tilasta rubuta iyakar albashi a tallar aiki tun Janairun 2021, birnin New York ya bi sahu a Nuwamban 2022. Masu suka na cewa dokar ba ta hana wayo ba, kuma da gaskiyarsu: an ga tallar Netflix mai cewa daga dala 90,000 zuwa 900,000, wasu kamfanoni ma suka daina karɓar takardun mazauna Kolorado. Sai dai irin wannan wayon a fili yake, kowa na ganinsa. Kuma manajan da aka sa ya rubuta adadi, dole ya zauna da akanta tukuna su tantance wane aiki ne kuɗinsu zai iya saya.