Sunayen da ke Kwance a Cikin Wayarka

A kusa da tashar motar Television, kudancin Kaduna, idan wayarka Tecno ko Infinix ta ƙi tashi, mai gyara zai juya ta ya ce sai an yi mata filashin, wato a sake zuba mata manhajar da ke tafiyar da ita. Abin da yake zubawa dafaffe ne. Girkin an yi shi tun a kamfani, a kan Linux ɗin da ke ƙarƙashin Android, wanda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991. Kafin a haɗa shi sai an amsa tambayoyi sama da dubu goma: a sa Bluetooth? A sa direban wannan kyamara? Kowace tambaya da sunanta, kuma a kan sunayen ne masu aikin suka daɗe suna kai ruwa rana.

A Linux duk suna yana farawa da CONFIG_, amsar galibinsu kuwa uku ce: y a gina shi ciki, m a ajiye gefe sai an buƙata, n a bar shi. Tsarin Kconfig na Roman Zippel ke kula da wannan tun 2002.

Mutanen FreeBSD, wata manhajar mai kama da Linux, sun fi shan wuya. Da can wani ya rubuta NOMAN, wato kar a haɗa shafukan bayani, wani ya sa layi a tsakani a nasa sunan, kowa da irin mudunsa, kamar mai awo a Kasuwar Barci da mai tiya a Dawanau. A Disamba 2004 aka mayar da tarin sunayen zuwa fasali ɗaya, NOMAN ya koma NO_MAN. Ba a jima ba, a 2006, aka sake lale: WITH_ in kana so, WITHOUT_ in ba ka so, a fayil guda mai suna src.conf. Sai dai an bar wani tarko. Tsarin ba ya duba abin da ka rubuta bayan sunan, kasancewar sunan kawai yake gani. Wanda ya rubuta WITHOUT_MAN=no da nufin "a'a, kar a cire" zai tarar an cire. A ganina NetBSD, 'yar uwar FreeBSD, ta fi su dabara a nan: MKMAN=yes ko MKMAN=no, suna ɗaya, amsa biyu, babu korewa a kan korewa.

Gyaran suna ma da kuɗinsa. Bayan da aka bankaɗo raunin tsaron kwamfuta da ake kira Spectre da Meltdown a Janairun 2018, an ƙara wa Linux matakan kariya, kowanne da sunan da mai shi ya ga dama. A 2024, a siga ta 6.9, aka tara su ƙarƙashin kalma ɗaya, CONFIG_RETPOLINE ya zama CONFIG_MITIGATION_RETPOLINE. Yanzu da bincike ɗaya za ka ga jerinsu. Amma wanda ya kashe wannan kariya a tsohon fayil ɗinsa don injin ya ƙara gudu, ya ɗauko fayil ɗin zuwa sabuwar siga bai duba ba, zai tarar tsohon sunan ba a san shi ba kuma, sabon kuwa a kunne yake zuwa.