Mutuwar ɓarin jiki: tunani na ba ƙafa umarni

Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa, umarni ba ya isa ga gaɓoɓi. Masana na neman gina mashi gada.

A 2023, a Lozan ta ƙasar Suwis, wani ɗan Holand da haɗarin keke ya shanye ma ƙafafu ya taka, har ya hau matakala: na'urar da aka dasa mashi a kai tana karanta niyyarshi, ta aika ma lakar baya. A San Faransisko kuwa, matar da mutuwar jiki ta raba da magana shekara 18 ta furta kalma 78 a minti ta bakin na'ura.

Duka gwaji ne tukuna. Kafin ya iso Maraɗi, mai karatu, je likita a auna hawan jininka. Rigakafi ya fi magani.