Wa Zai Biya Kuɗin Tashi Daga Kan Zango?

Duk wanda ya girma da rediyo a kunne ya san gajeren zango da matsakaicin zango. Wayar da ke aljihunsa ita ma ƙaramar rediyo ce, kuma zangon da take hawa yana da iyaka. Gidajen talabijin suna da kasonsu, jiragen sama suna da nasu, sojoji kuma a ƙasashe da yawa sun daɗe riƙe da yanki mai kyau, inda na'urorinsu na hango jirage da na sadarwa suke aiki. Biyu ba sa hawa zango ɗaya a wuri ɗaya ba tare da sun dagula wa juna ba. Saboda haka idan kamfanonin waya suna son ƙari, sai an tayar da wani.

Tashin kuwa ba kyauta ba ne. Kamar tayar da kasuwa ne: kafin ɗan kasuwa ya kwashe kayansa, sai an gina masa rumfa a sabon wuri. Na'urar da aka ƙera don wani zango ba ta komawa wani da baki. Ko a gyara ta, ko a sayi sabuwa.

Amurka ta warware wannan da doka a 2004. Ta kafa asusu na musamman wanda kuɗin gwanjon zango ke shiga, daga nan a biya sojoji da sauran hukumomi kuɗin ƙaura. Sharaɗin da ya fi burge ni shi ne gwanjon ba ya tabbata sai abin da aka samu ya zarce kuɗin ƙaurar da kashi goma cikin ɗari. Gwanjon da aka kammala a 2015 ya kai kusan dala biliyan 45. Na 2022 ya kawo biliyan 22.5, alhali an ƙiyasta ƙaurar a kan fiye da biliyan 13. Soja bai yi asara ba, baitulmali ma bai yi ba.

A Nijeriya babbar ƙaurar da aka sa a gaba ta gidajen talabijin ce, daga tsohon tsarin analog zuwa na dijital. Wa'adin duniya ya cika ranar 17 ga Yuni, 2015, bai same mu a shirye ba. A shekarar ne hukumar NBC ta ba MTN wani yanki na zangon 700 a kan naira biliyan 34 don a sami kuɗin aikin. Aka fara a Jos a 2016, aka zo Kano a 2021, a tsakani ana ta tafiyar hawainiya, kuma kukan da aka fi ji shi ne rashin kuɗi.

Mutumin Surko, a ƙasar Birnin Kudu, yana da haƙƙi a wannan magana, ko da bai taɓa jin ta ba. Zangon ƙasa-ƙasa irin 700 da 800 shi ne mai cin nisa: ƙarfen sabis ɗaya ya isa ƙauyuka masu yawa, saƙon kuma ya ratsa bango da bishiyoyi. A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, inda ƙauyuka ke warwatse ga kuma duwatsu, wannan ne zangon da ke da amfani. Dubi mai POS ranar kasuwa, ya ɗaga na'urarsa sama yana juyawa gabas da yamma, manomin da ya sayar da riɗinsa yana tsaye yana jiran alat, mai mota kuma yana ta oda. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya nuna mana tsadar wannan jira.

A Disambar 2021 MTN da Mafab kowanne ya ci gwanjon 5G a kan dala miliyan 273.6. Zangon da suka saya yana ɗaukar kaya da yawa amma ba ya nisa, don haka manyan birane ya fi yi wa aiki. Jamus, da ta sayar da zangon 800 a 2010, ta gindaya wa kamfanoni sharaɗin su fara da ƙananan garuruwan da ba su da intanet mai sauri kafin su shiga birni.

Ina ganin wakilan Birnin Kudu/Buji da na Gwaram a majalisar tarayya su ne suka fi cancanta su kawo ƙudurin da zai killace wani kaso na kuɗin kowane gwanjo don biyan wanda za a tayar, soja ne ko gidan talabijin, tare da sharaɗin a fara kafa ƙarafa a karkara.