Kafin Ka Dasa Itace, Tambayi Furensa

Wanda ya saba yawo a Kano ya saba jin sunayen itatuwa a bakin 'yan adaidaita sahu: Ɗorayi, Gawuna, Kurna, Kasuwar Rimi. Sunayen suna nan daram, amma ka sauka ka nemi ɗorawa ko gawon da ya ba unguwa suna, sai ka sha yawo. An sare, an yi gini, an malale tsakar gida da siminti. Inda aka sake dashe kuwa, galibi dogayen itatuwan ado ne na ƙasashen waje da ciyawar da ake yi wa aski duk mako. Ido ya samu abin kallo, amma ƙudan zuma da galla da malam-buɗe-littafi da jemage sun rasa abin kaiwa baki, alhali akwai aikin da suke yi mana kyauta.

In kana son ganin aikin, tsuguna gaban kabewa da sanyin safiya. Furenta iri biyu ne: namiji mai siririn wuya, da tamace mai ɗan ƙullutu a gindi, wanda shi ne zai zama kabewar. Ƙudan zuma yakan kutsa cikin namijin neman ruwan zaƙi, ya fito jikinsa buɗu-buɗu da rawayan gari, ya faɗa cikin tamacen. Barbara ta yiwu ke nan. Kafin azahar furen ya rufe, kuma ba zai sake buɗewa ba. Idan babu wanda ya ziyarce shi, ƙullutun ya yi rawaya ya faɗi, mai lambu ya ɗora laifin a kan iri ko taki. Haka abin yake ga kankana da kokwamba.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi 75 cikin 100 na ire-iren amfanin gonar da ake ci suna amfana da irin wannan barbara. Gero da dawa da masara da shinkafa ba sa jiran ƙwari. Wato tuwo zai samu, miya da kayan marmari ne za su ji jiki. Ga shi kuwa ƙwarin suna raguwa a wurare da dama. Wani bincike da aka fitar a Jamus a 2017 ya gano cewa cikin shekara 27, jimillar nauyin ƙwari masu tashi ta ragu da fiye da kashi 75 cikin 100 a wuraren da aka keɓe don kare halittu. A wasu yankunan Sicuwan ta ƙasar Sin, manoma kan hau itatuwan marmari suna barbara da hannu, fure bayan fure. Masu dabino sun san wahalar wannan aiki.

To ina ruwan birni? Birni yana da ruwan famfo ko da rani, yana da makarantu da masallatai da maƙabartu da tsakiyar tituna inda za a iya dashe. A 2019 birnin Utaret na ƙasar Holan ya shuka tsirrai a kan rufin rumfunan jiran bas 316. Hikimar ita ce kusanci. Ƙudan zuman amya yana iya tafiyar kilomita biyu ko uku neman abinci, amma ƙananan danginsa ba sa wuce 'yan ɗaruruwan mitoci. A duniya akwai ire-iren ƙudan zuma fiye da 20,000, yawancinsu ba sa yin zuma, ba sa zaman taro, ramin ƙasa ko busasshen kara ne gidansu. Irin waɗannan sai an jera musu zango kusa da zango.

Babbar matsalarsu a ƙasarmu ita ce rani. Wanda ya taɓa tsayawa a injin niƙa a watan Maris ya ga ƙudan zuma suna birgima cikin gari da dusa, suna ƙunsawa a ƙafafunsu. Rashin garin fure ne ya kai su, da babu gara ba daɗi. Saboda haka gwanintar dashe ita ce a haɗa itatuwan da ke karɓa-karɓa, wannan na zubar da fure wancan na buɗewa. Magarya tana fure a ƙarshen damina. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, yana fure bayan ɗaukewar ruwa. Mangwaro ya karɓa lokacin hunturu, ɗorawa da darbejiya su biyo baya da shigowar zafi, tsamiya da kuka kuma wajen faɗuwar damina. Zogale, muddin yana samun ruwa, da wuya a rasa fure a kansa. Darbejiya ta yi mana rana wajen inuwa, amma unguwar da babu komai sai ita, ta yi walimar 'yan makonni ne ta bar baƙi da yunwa sauran shekara.

Akwai kuma ma'aikatan dare. Farin furen kuka da almuru yake buɗewa, jemage ne babban baƙonsa. Jan tutun ɗorawa da furen rimi su ma suna jan jemagu. Yaron da ya harbe jemage da danƙo bai san yana taɓa kalwar da za a yi daddawa ba.

Wanda ba shi da fili ma bai fita daga lissafi ba. Tsohon bokiti ko buhun siminti ya isa ɗaɗɗoya ko na'a-na'a ko kuɓewa. A bar tushe ɗaya ko biyu su yi fure, kada a tsinke duka don miya. Wajen sayen furen ado, a zaɓi wanda ake ganin cikinsa a buɗe. Mai cunkushewar ganye ninki-ninki kyau ne kawai, ƙwaro ba ya samun hanyar shiga.

Sauran abubuwan ba sa cin kuɗi. Kada a yi feshi itace na cikin fure. In ya zama dole, a bari sai yamma liƙis, sa'ad da ƙudan zuma suka koma gida. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da magungunan ƙwari guda uku a fili saboda illarsu ga ƙudan zuma, mu kuwa har piya-piya muna yayyafa wa shuka. A ajiye kasko da ruwa a inuwa, a jefa tsakuwa a ciki don su samu wurin sauka, a riƙa sauya ruwan saboda sauro. A bar wani lungu na gida ba siminti. Ƙudan da ke kan fure abincinsa ya dame shi, bai cika harbi ba sai an taɓa shi. Idan kuwa taronsu ya sauka a gida, a janye yara a kira mai amya, kada a cinna musu wuta.

Halittar da aka sa wa sura guda sunanta a Alƙur'ani, Suratun Nahli, ta fi ƙarfin a manta da ita ranar rabon fili. Kwamitin masallaci ko shugaban makaranta ko maigidan da ya je wurin masu sayar da dashe yakan tambayi kuɗi da saurin girma. Ya ƙara da tambaya ɗaya: yaushe yake fure, kuma wa ke zuwa kansa? Magabata da suka bar ɗorawa da gawo a inda yau ake kira Ɗorayi da Gawuna sun bar wa unguwa suna. Mu ma abin da muka dasa bana, shi jikoki za su tarar.