Me ya sa mai rinjayen ƙuri'u kan iya rasa shugabancin Amurka?

A zaɓen shekarar 2016, Hillary Clinton ta jam'iyyar Democrat ta zarce Donald Trump na jam'iyyar Republican da ƙuri'u kusan miliyan 3, amma Trump aka rantsar. Haka ta faru a 2000, lokacin da Al Gore ya fi George W. Bush yawan ƙuri'u da sama da dubu 500, amma Bush ne ya shiga fadar White House. Ba maguɗi aka yi ba. Kundin tsarin mulkin ƙasar ne ya tanadi hakan.

Wakilai 538

Ba'amurke ba ya zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. Ƙuri'arsa tana tantance wakilan zaɓe ne na jiharsa, su kuma wakilan su zaɓi shugaba a watan Disamba. Kowace jiha tana da wakilai daidai da yawan kujerunta a majalisun dokoki biyu: majalisar wakilai mai kujeru 435 da ta dattawa mai 100. An ƙara wa birnin Washington uku, jimilla 538 ke nan. Duk ɗan takarar da ya samu 270 ya ci zaɓe.

Kalifoniya, wadda ta fi kowace jiha yawan jama'a, tana da wakilai 54, Texas 40, yayin da ƙananan jihohi irin su Wyoming ke da uku kacal. In ban da Maine da Nebraska, wanda ya yi rinjaye a jiha shi ke kwashe wakilanta kaf, ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce. Don haka ɗan takara na iya tara miliyoyin ƙuri'un da suka wuce buƙatarsa a Kalifoniya, ba su ƙara masa ko wakili guda ba, alhali abokin hamayyarsa yana lashe wasu jihohin da ƙyar. A 2000, ƙuri'u 537 a Florida ne suka raba gardama, bayan hukuncin Kotun Ƙoli ya dakatar da sake ƙidaya.

Najeriya ta ari tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka a 1979, amma ba ta ɗauki wannan ɓangare ba. A nan ana buƙatar rinjayen ƙuri'u, haɗe da kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi.

Ja da shuɗi

Tun daga zaɓen 2000 kafafen yaɗa labarai suka tsaya kan nuna jihohin Republican da launin ja, na Democrat da shuɗi. Mafi yawan jihohi an san inda suka karkata tun kafin a buɗe rumfunan zaɓe. Kalifoniya da New York na Democrat ne, Alabama da Oklahoma na Republican. Manyan birane sun fi bin Democrat, karkara kuwa Republican, kuma saɓanin ya shafi zubar da ciki, mallakar bindiga, haraji da baƙin haure. Gabar ta kai ƙololuwa ranar 6 ga Janairun 2021, sa'ad da magoya bayan Trump suka kutsa ginin majalisa ana tsaka da tabbatar da nasarar Joe Biden.

Jihohin raba gardama

Tunda haka ne, 'yan takara kan zuba kuɗi, tallace-tallace da gangami a jihohin da ba su da tabbas. A 2024 guda bakwai ne: Pennsylvania, Michigan, Wisconsin, Georgia, North Carolina, Arizona da Nevada. Trump ya lashe su duka, ya kammala da wakilai 312, Kamala Harris 226. Shekara huɗu kafin nan, Biden ya ci Georgia da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu 12 ba.

A irin waɗannan jihohi ƙaramar al'umma kan yi nauyi. A Michigan, inda Larabawa da Musulmi ke da yawa a birnin Dearborn, fushi kan yaƙin Gaza ya sa sama da mutum dubu 100 suka ƙi mara wa Biden baya a zaɓen fitar da gwani na Fabrairun 2024. Da aka zo babban zaɓe, Trump ne ya yi rinjaye a birnin.

Abin da ya shafe mu

Wanda ya hau kujerar shi ke tsara manufofin biza, harajin shigo da kaya da tallafin ƙasashen waje. Rufe hukumar USAID a 2025 ya taɓa shirye-shiryen kiwon lafiya da abinci a Najeriya da maƙwabtanta. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke neman dala, da ma'aikacin da ɗansa ke neman gurbin karatu a can, duk abin na iya isowa gare su.

Masu sukar tsarin na cewa yana fifita ƙuri'ar wasu a kan ta wasu. Masu kare shi kuwa na ganin yana hana manyan jihohi danne ƙanana. Soke shi na buƙatar gyaran kundin tsarin mulki da amincewar jihohi 38 cikin 50, abin da ke da wuya matuƙar jam'iyyun biyu ba sa ga-maciji da juna.