Kula da Numfashin Majiyyaci Lokacin Leƙa Cikinsa

Idan likita yana son ganin gyambon ciki ko inda jini ke zuba a hanji, yakan zura siririn bututu mai kyamara ta baki ko ta dubura. Wannan aikin shi ake kira endoskofi. Don sauƙaƙa wa majiyyaci, akan yi masa allurar barci, irin su midazolam, fentanil ko propofol. Magungunan nan suna rage ƙarfin numfashi, kuma harshe yakan saki ya koma baya ya toshe hanyar iska. A nan hatsarin yake.

Na'urar da aka fi sani ita ce wadda ake maƙalawa a yatsa, mai auna iskar oksijin da ke cikin jini. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1970. A jikin mai lafiya takan nuna kashi 95 zuwa 100. Idan ta sauka ƙasa da 90, akwai matsala. Amma tana da jinkiri. Majiyyacin da aka saka wa robar oksijin a hanci zai iya daina numfashi, lambar ba ta motsa ba sai bayan minti ɗaya ko fiye. Baƙin lalle da jan farce ma suna iya rikita ta.

Shi ya sa ake haɗa ta da na'urar kafnograf, mai auna iskar kabon dayoksaid da mutum ke fitarwa. Duk numfashi ɗaya sai ta zana tudu a allo. Da numfashi ya tsaya, layin ya miƙe nan take. Tun 2011 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta sanya wannan awo cikin ƙa'idojinta na irin wannan allurar barci.

Duk da haka, na'ura ƙara kawai take yi. Ceto yana hannun mutum. Dole a ware ma'aikacin jinya mai kallon ɗagawar ƙirji da sauraron minshari. Da ya ga an samu tsaiko, sai ya kira sunan majiyyaci, ya ɗaga haɓarsa, ya turo muƙamuƙinsa gaba. Midazolam da fentanil kowanne yana da allurar da ke warware shi, amma propofol ba shi da makari sai a tallafa wa numfashi har ya sake shi.

Tsofaffi, masu ƙiba da masu yawan minshari su suka fi shiga hatsari. Duk wanda ya san yana minshari, ya gaya wa likita kafin a kwantar da shi.